Shekarar da Sikotland Ta Samu Tashar Talabijin Tata: Abin da Aka Nema da Abin da Aka Bayar

Da ƙarfe bakwai na daren Lahadi, 24 ga Fabrairun 2019, wata sabuwar tasha ta bayyana a akwatunan talabijin na Birtaniya, mai suna BBC Scotland. Mawaƙan Chvrches na birnin Glasgow ne suka buɗe ta tare da ƙungiyar makaɗan BBC ta Sikotland. Can cikin daren aka saka kashin farko na zangon ƙarshe na Still Game, wasan barkwancin wasu tsofaffi biyu 'yan fansho, Jack da Victor, waɗanda yaro da babba a ƙasar suka haddace maganganunsu. Kusan mutum dubu 700 suka kalla, a ƙasar da gaba ɗayanta ba ta cika mutum miliyan biyar da rabi ba. Ma'aikatan tashar sun kwana da murna. Kafin shekara ta raba tsakiya kuwa, jaridu sun fara buga cewa akwai shirye-shiryen tashar da alƙaluma suka nuna ba wanda ya kalle su, ko da mutum ɗaya.

Wanda ya tsinci labarin daga nan zai ce ai Sikotland ce ta roƙi tasha, aka ba ta, ta juya mata baya. Amma abin da aka shekara ashirin ana kai ruwa rana a kansa ba tasha ba ce. Awa ɗaya ce tak, daga ƙarfe shida zuwa bakwai na yamma, a BBC One, tashar da kowa ya riga ya saba kunnawa idan ya dawo daga aiki.

Ga tushen rigimar. Tun 1999 Sikotland ke da majalisarta da gwamnatinta a Edinburgh. Asibitoci, makarantu, 'yan sanda, kotuna da gidajen yari duk a hannun wannan majalisa suke. Tsarin shari'arta ma daban yake da na Ingila tun kafin haɗewar ƙasashen biyu a 1707, haka jarrabawar da ɗalibanta ke zaunawa. Sai dai dokar 1998 da ta kafa majalisar ta bar harkar watsa labarai a hannun Landan. Saboda haka mutumin Dundee zai kunna talabijin da ƙarfe shida, ya ji an buɗe labarai da cewa ministan lafiya ya fito da sabon tsari, a shafe mintuna ana tafka muhawara, alhali ministan nan ba shi da ta cewa a kan asibitin da ke bayan gidansa, na Ingila ne kaɗai. Idan shida da rabi ta yi sai mai karanta labarai ya yi murmushi ya ce yanzu kuma sai labaran inda kuke, a miƙa wa shirin Reporting Scotland daga Glasgow. 'Yan Sikotland sun daɗe suna yi wa wannan jimla ba'a: ashe akwai labarai, akwai kuma labaran inda kuke.

Ba ƙorafin 'yan siyasa ba ne kawai. A 2008 hukumar amintattun BBC da kanta ta sa Farfesa Anthony King ya duba lamarin, binciken da aka yi masa kuma ya ƙirga labarai 136 kan lafiya da ilimi a manyan labaran BBC na ƙasa, ya tarar dukkansu Ingila kaɗai suka shafa. Hatta taswirar hasashen yanayi ta sha suka, don daga 2005 an karkata ta yadda kudancin Ingila ya yi ɓul-ɓul a gaba, Sikotland ta tsuke can sama kamar wadda aka yi wa ƙwange. Sai a 2018 aka miƙe ta. Wani abin ban dariya shi ne, John Logie Baird da ya fara nuna talabijin a bainar jama'a a 1926 ɗan Sikotland ne, haka John Reith, babban daraktan BBC na farko. Amma siginar talabijin ba ta iso ƙasarsu ba sai a Maris na 1952.

Maganin da aka daɗe ana nema shi ake kira Scottish Six, wato labaran shida na Sikotland: a haɗa awar gaba ɗaya a Glasgow, editocin can su zaɓi abin da zai zo farko, ko daga Edinburgh ne, ko daga Landan, ko daga Washington. A 1998, ana shirin buɗe majalisa, har abin ya kusa yiwuwa. John Birt, babban daraktan BBC na lokacin, ya tsaya kai da fata ya hana. Daga baya ya rubuta da hannunsa a littafin tarihin rayuwarsa cewa har wurin Firaminista Tony Blair ya je neman goyon baya, don a ganinsa ranar da aka raba labaran shida an ɗauki hanyar raba BBC, daga nan kuma sai ƙasa. Aka rarrashi Sikotland da wani guntun shiri na dare, Newsnight Scotland. A 2008 wani kwamiti da gwamnatin Sikotland ta kafa a ƙarƙashin Blair Jenkins ya ba da shawarar a kafa tasha mai zaman kanta da kasafin fam miliyan 75 a shekara. Ba a samu wanda zai biya ba. Sannan ƙuri'ar raba-gardama ta 2014 ta zo, wadda masu son ci gaba da zama cikin Birtaniya suka ci da kashi 55 cikin ɗari. Ana saura kwana huɗu a kaɗa ta, dandazon magoya bayan 'yancin kai suka yi wa hedikwatar BBC da ke Pacific Quay a Glasgow tsinke, suna zarginta da ɗaukar ɓangare. Ko zargin gaskiya ne ko ba gaskiya ba, BBC ta fito daga wannan shekara da sanin cewa wani babban kaso na masu biyan kuɗinta a Sikotland sun daina yarda da ita.

A Fabrairun 2017 babban darakta Tony Hall ya zo da amsa. Ba za a taɓa labaran shida ba. A maimakon haka za a buɗe sabuwar tasha, a ciki a sa labarai na awa guda da ƙarfe tara na dare, a ɗauki 'yan jarida tamanin. A rashin uwa akan yi uwar ɗaki. Shirin da ya fito daga wannan alƙawari shi ne The Nine, wanda Rebecca Curran da Martin Geissler suka fara gabatarwa washegarin buɗe tashar.

Ni a ganina shirin bai yi laifi ba. Ya yi daidai abin da masu neman Scottish Six suka ce za a iya yi: ya samu wakilansa a Landan da Brussels, yana buɗewa da labarin Edinburgh idan shi ne babba, ya buɗe da na waje idan shi ne babba, ba a kuma hanzarta mai magana kamar ana korarsa. Matsalarsa lokaci ne da wuri. Ƙarfe tara shi ne lokacin da BBC One da STV da Channel 4 ke sakin manyan wasannin kwaikwayonsu masu tsada. Wanda yake son labarai ya riga ya gani da shida, wanda bai gani ba yana jiran na goma. An ɗauki shirin labarai an kai shi kasuwar da ba labarai ake saye ba, a wata rumfa ta bayan layi, sannan aka zo ana tambayar me ya sa ba ciniki. Akwai dararen da masu kallonsa ba su wuce 'yan dubbai ba.

Maganar sifiri kuwa tana buƙatar ɗan bayani, don jaridun da ba sa ƙaunar tashar sun yi ta yayata ta ba tare da faɗin yadda ake ƙirgen ba. Ba wanda ke leƙa kowane gida ya ga abin da ake kallo. Wata hukuma mai suna BARB ce ke sa na'ura a wasu gidaje a faɗin Birtaniya, dubu biyar da ɗoriya a 2019, daga abin da waɗannan gidaje suka kalla ake ƙiyasta na sauran. Rabon Sikotland a cikinsu 'yan ɗaruruwa ne. Kowane gida ɗaya yana tsayawa ne a madadin dubbai. Idan aka yi rashin sa'a babu ko ɗaya daga cikin gidajen nan da ya kunna tashar a wani rabin awa, sai a rubuta sifiri, ko da akwai mutum dubu biyu ko uku da suka kalla a wasu gidajen. Sifirin ba ya nufin ba kowa, amma kada a yaudari kai, yana nufin 'yan kaɗan ne ƙwarai. Ita BBC ta riƙa kare kanta da cewa kamar mutum ɗaya cikin shida a Sikotland na leƙa tashar kowane mako, kuma in ka cire manyan tashoshi biyar na gado, babu wadda ta kai ta. Duka maganganun biyu suna iya zama gaskiya a lokaci guda.

Sai kuɗi, wanda shi ne gindin komai. Duk gidan da ke kallon talabijin kai tsaye a Birtaniya dole ya biya kuɗin lasisi, wanda a Afrilun 2019 ya koma fam 154.50 a shekara. Abin da ake tarawa a Sikotland a lokacin ya kai wajen fam miliyan 320. A shekarar kuɗi ta 2015 zuwa 2016, kashi 55 cikin ɗari ne kawai na wannan kuɗi aka kashe a Sikotland, alhali a Wales kashi 95 ne. Wannan lissafi ya fi duk wata zanga-zanga tasiri wajen matsa wa BBC. Hujjarta ita ce sauran kuɗin na tafiya ne ga abubuwan da kowa ke mora tare: gasar Olympics, manyan shirye-shiryen namun daji, shafin intanet, wakilai a ƙasashen duniya. A nan ma akwai inda zancen ya taɓa mu, domin tun 2014 daga wannan kuɗin lasisi ake ɗaukar mafi yawan nauyin sassan BBC na harsunan waje. Tsohuwar da ke biyan lasisi a Paisley tana da hannu, komai ƙanƙantarsa, a labaran da Sashen Hausa ke watsawa da asuba.

Kasafin sabuwar tashar a 2019 fam miliyan 32 ne a shekara, kuma ba duka ne sabon kuɗi ba. An haɗa da abin da a da ake kashewa kan shirye-shiryen Sikotland da ake sakawa a BBC Two, wadda daga Fabrairun 2019 ta daina ware wa Sikotland lokaci nata. Yi lissafin da kanka. Tashar na aiki daga bakwai zuwa sha biyun dare, awa biyar kullum, wato awa 1,825 a shekara. Raba fam miliyan 32 a kai, kowace awa ta tashi da fam dubu 17 da ɗari biyar ko kusa da haka. Wasan kwaikwayo mai daraja a Birtaniya kuwa, daga fam miliyan ɗaya a awa yake farawa. Shi ya sa tun farko aka amince kusan rabin abin da za a nuna maimaici ne, sauran kuma shirye-shirye ne masu sauƙin kuɗi: tattaunawa a ɗaki, bin ma'aikatan babbar tashar jirgin ƙasa ta Glasgow da kyamara, muhawarar Debate Night inda jama'a ke yi wa 'yan siyasa tambayoyi. Wasu sun yi kyau fiye da kuɗinsu. A View from the Terrace, inda wasu abokai masoya ƙwallo ke zama suna hirar ƙananan kulob-kulob da ba wanda ke kulawa da su, ya samu masoya na gaske. A daren buɗewa ma an nuna Nae Pasaran, labarin ma'aikatan kamfanin Rolls-Royce na East Kilbride da suka ƙi gyara injinan jiragen yaƙin Chile a 1974 don ƙin jinin mulkin Pinochet. Irin wannan labari ne da wuya wani edita a Landan ya ba shi babban lokaci.

Akwai wata dabara da ta daɗe tana ci wa masu shirya fina-finai na Sikotland tuwo a ƙwarya, kuma a 2019 aka sake tayar da ita. Hukumar Ofcom mai sa ido kan kafafen watsa labarai ta wajabta wa BBC cewa aƙalla kashi takwas cikin ɗari na shirye-shiryenta na ƙasa baki ɗaya, a awanni da a kuɗi, su fito daga Sikotland, daidai da yawan jama'arta. Kafin a ƙirga shiri a matsayin na wajen Landan sai ya cika biyu daga cikin sharuɗɗa uku: kamfanin na da ofishi na gaske a can, an kashe kashi 70 na kuɗin aikin a wajen Landan, ko rabin ma'aikatan bayan kyamara a wajen Landan suke. To, ina wuyar? Sai a ɗauko shirin da aka daɗe ana yi a Ingila, a buɗe masa ofishi a Glasgow, a rubuta shi a littafin Sikotland. Haka aka ɗauke wasan Waterloo Road, labarin wata makaranta a Rochdale ta Ingila, aka dasa shi a Greenock a 2012, har da ƙirƙiro dalilin da ya sa makarantar ta yi ƙaura da malamanta da ɗalibanta. Haka wasannin kacici-kacici irin su Eggheads suka koma Pacific Quay. An samar da ayyukan yi, ba a musu. Amma shawarar abin da za a yi, da marubuta, da ribar sayar da shirin, yawanci suna nan inda suke. A watan Yunin 2019 Ofcom ta tsaurara ƙa'idojin. A cikin shekarar ne kuma Channel 4 ta buɗe reshenta a Glasgow, tare da wasu masu ikon amincewa da sabbin shirye-shirye, wanda shi ne abin da kamfanonin ƙasar suka fi buƙata: mutumin da zai iya cewa na yarda ba sai an hau jirgi zuwa Landan ba.

Duk wannan BBC ce. Amma tashar kasuwanci da 'yan Sikotland suka fi kallo ita ce STV, mai lamba uku a rimot. Roy Thomson, wani ɗan kasuwar Kanada, ya kafa ta a 1957, shi ne kuma aka ruwaito yana cewa samun lasisin talabijin kamar samun izinin buga kuɗi ne. Daga baya ta haɗiye Grampian ta Aberdeen, ta zama ita kaɗai ce a jerin tashoshin lamba uku da kamfanin ITV bai mallaka ba. Yawancin abin da take nunawa da dare na ITV ne, amma labaranta na shida nata ne, kuma tsarinta kishiyar na BBC ne: Sikotland da shida, labaran Landan da shida da rabi. Abin da mutane da yawa suka manta shi ne STV ta riga BBC gwada wannan tafiya. A 2017 ta buɗe tasha ta biyu, STV2, da labaran ƙarfe bakwai masu haɗa na gida da na waje daga Glasgow. A ƙarshen Yunin 2018 sabon shugaban kamfanin, Simon Pitts, ya rufe ta saboda asara, yana mai nuni da cewa ga BBC nan tafe da kuɗin da ba za a iya gogayya da shi ba. Wato tun kafin a haifi sabuwar tashar ta riga ta ci ɗaya. STV ta karkata ga manhajarta ta intanet da kuma shirya wa wasu tashoshi fina-finai. A 2019 ita ta shirya wa BBC One wasan The Victim da kuma Elizabeth Is Missing, wanda Glenda Jackson ta fito a ciki.

Kudancin ƙasar kuma, yankunan Dumfries da Galloway da Borders, ba sa ma samun STV. Tun zamanin da ake raba lasisi bisa inda siginar eriya ke kaiwa aka haɗa su da Carlisle ta Ingila, har yau ITV Border suke kallo, ana karanta musu labaran yankinsu daga Gateshead. Sai da Ofcom ta sa baki kafin a ware musu wani shiri kan majalisar Edinburgh a 2014.

Akwai ta uku, wadda ta fi ba ni sha'awa. BBC Alba tashar harshen Gaelic ce, an buɗe ta a Satumban 2008, haɗin gwiwa tsakanin BBC da hukumar MG Alba da ke Stornoway a tsibirin Lewis. Ƙidayar 2011 ta nuna masu magana da harshen ba su wuce dubu 57 da 'yan kai ba. A 2019 abin da gwamnatin Sikotland ke ba MG Alba bai kai fam miliyan 13 a shekara ba, yayin da takwararta ta harshen Wales, S4C, ke samun wajen miliyan 80. Duk da haka masu kallon Alba sun ninka masu jin harshen sau da yawa. Sirrin ba ɓoyayye ba ne: kiɗan gargajiya, fassara da Turanci a ƙasan allo, sai kuma ƙwallo. Tashar ta gano da wuri cewa akwai wasannin da manyan tashoshi suka raina, ta saye su da araha, mutumin da bai san ko gaisuwa da Gaelic ba ya zauna ya kalli kulob ɗinsa yana jin sharhi da harshen kakanninsa. Ƙwallon mata na cikin abin da ta kama tun ba a damu da shi ba. A watan Yunin 2019 sai abin ya biya ta: tawagar matan Sikotland a ƙarƙashin Shelley Kerr ta je gasar cin kofin duniya karon farko, a Faransa, Alba kuma ta nuna wasanninsu. Karawarsu da Ingila a Nice, wadda suka sha kashi da ci biyu da ɗaya, ta tara mutum sama da miliyan shida a BBC One. Wasan ƙarshe da Ajantina kuwa ba a son tunawa da shi: suna gaba da ci uku da nema, aka farke duka ukun a cikin mintuna na ƙarshe, suka dawo gida.

Ƙwallon maza ya fi kowane misali fito da ƙorafin fili. A 2019 wasannin neman gurbin gasar Turai da tawagar Sikotland ta buga, Sky Sports ke da su, sai mai biyan kuɗin wata ke gani. Na Ingila kuwa ITV ta saya, saboda haka STV ke nuna su kyauta. Yaro a Glasgow zai kunna lamba uku ya ga Harry Kane ba ko sisi, amma in yana son ganin Andy Robertson da rigar ƙasarsa sai ubansa ya biya. Wasu za su ce an yi musu rahama, tunda a Maris ɗin shekarar ne Kazakhstan ta lallasa su da ci uku da nema har kocin, Alex McLeish, ya rasa aikinsa. A lokacin sabuwar tashar BBC ba ta da kuɗin shiga wannan ciniki. Abin da ta iya saye shi ne wasannin rukuni na biyu a daren Juma'a da wasu na kofin ƙalubalen ƙasar, Scottish Cup.

Kaka ta zo da siyasa mai zafi, ta kuma tuna wa kowa dalilin da ya sa aka fara maganar. Ranar 11 ga Satumba babbar kotun Sikotland da ke Edinburgh ta yanke hukunci cewa dakatar da majalisar Birtaniya da Firaminista Boris Johnson ya yi ya saɓa doka, kwanaki kaɗan bayan wata kotu a Landan ta ce ba hurumin alƙalai ba ne. Kwatsam sai ga 'yan jaridar Landan na bayyana wa masu kallo cewa ashe Sikotland na da nata tsarin shari'a. Kotun ƙoli ta bi bayan Edinburgh ranar 24 ga watan. Sannan aka kira zaɓen 12 ga Disamba. ITV ta shirya muhawara tsakanin Johnson da Jeremy Corbyn na jam'iyyar Labour su biyu kawai. SNP, jam'iyyar masu neman 'yancin Sikotland, wadda a lokacin ita ce ta uku a yawan kujeru a majalisar Birtaniya, ta garzaya kotu tare da Liberal Democrats, suka faɗi. STV ta nuna muhawarar kamar yadda aka aiko mata. 'Yan Sikotland suka zauna suna kallon mutum biyu da jam'iyyunsu za su tashi da kujeru bakwai a haɗe daga cikin 59 na ƙasar, yayin da jam'iyyar da za ta kwashe 48 ba ta a dandalin. An yi wasu muhawarorin na shugabannin Sikotland a STV da BBC, da shugabar SNP ta lokacin, Nicola Sturgeon, a ciki, amma kowa ya san wadda aka ɗauka babba.

Abin da ya fi fitar da sabuwar tashar kunya a shekarar ya zo ne a Oktoba: Guilt, wasa mai kashi huɗu da Neil Forsyth ya rubuta, kan wasu 'yan'uwa biyu da suka buge wani tsoho da mota a Edinburgh a hanyarsu ta dawowa daga biki, suka yanke shawarar rufe maganar, ƙarya ta riƙa haifar ƙarya. Ya samu yabo ko'ina, aka ƙara masa zango biyu. Amma dubi yadda ya kai ga jama'a: da kuɗin BBC Two aka haɗa aka yi shi, aka fara nuna shi a tashar Sikotland, bayan 'yan kwanaki aka saka a BBC Two, da yawa kuma a manhajar iPlayer suka kalla a lokacin da suka ga dama. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi da masu kare tashar ke da ita, cewa a daina auna ta da yawan waɗanda suka zauna gabanta da ƙarfe tara, a auna ta da abin da kuɗinta ya sa aka shirya wanda da ba don ita ba ba za a yi ba. Na yarda da rabin wannan magana. Rabin da ban yarda da shi ba shi ne, in dai haka ne, to an gina tasha ce a daidai lokacin da matasa ke barin tashoshi suna komawa Netflix da YouTube, an kuma kashe kaso mai tsoka na ɗan kuɗin wajen cika awannin da dole a cika don kawai allo kada ya zauna baƙi.

Shekarar ta ga tafiyar fuskoki biyu da aka saba da su. Still Game ya ƙare a ƙarshen Maris, ya tafi da mafi yawan jama'ar da ya jawo wa tashar. A Afrilu Jackie Bird ta sauka daga Reporting Scotland bayan shekara talatin, a daren shiga sabuwar shekara kuma, wanda 'yan Sikotland ke kira Hogmanay kuma suke ɗauka da girma fiye da kowane dare a talabijin, Susan Calman ce ta tsaya a inda aka saba ganinta.

The Nine ya ja har Disamban 2024. BBC ta nemi Ofcom ta rage mata awannin labaran da aka wajabta wa tashar daga 250 zuwa 125 a shekara, aka amince, aka maye gurbinsa da shirin rabin awa da ƙarfe bakwai. Labaran ƙarfe shida na BBC One har yanzu daga Landan ake karanto su, da shida da rabi kuma a miƙa wa Glasgow.